Amanar Kabarin Bajamushe

A Wolanica, in kana son sanin gidan da ya mutu da gidan da ke da sauran numfashi, kada ka ɓata lokacinka kana leƙen tagogi. Jira ƙarshen Oktoba ka je maƙabarta. Mako guda kafin Ranar Tsarkaka, ranar da muke ziyartar matattunmu, garin gaba ɗaya yake kwashewa can da bokiti da burushi, ana wanke duwatsun kaburbura, ana share ganye, ana jera furanni da kyandirori masu kwalba, kowa na satar kallon na maƙwabcinsa. Wanda ya bar kabarin uwarsa da datti har ɗaya ga Nuwamba, to ya shiga bakin duniya sai baɗi. Mu mutane ne da za mu yafe maka shaye-shaye da zagin maƙwabta, amma wannan ba ma yafe shi.

Pani, wato Uwargida, Leokadia Zaremba, wadda na kusa ke kira Lodzia, shekararta saba'in, kuma kaburbura uku ne a wuyanta. Biyu suna sabuwar maƙabarta, na uwarta Apolonia da na mijinta Zenon. Na ukun kuwa sai an hau tudu, an bi ta bayan masaƙar da aka rufe shekara ashirin da suka wuce, an shiga tsohuwar maƙabartar Jamusawa. Ba abin da ya rage a can sai ƙaya da ciyawa da fasassun kwalaben mashaya. Duwatsu masu kyau tun zamanin kwaminis masassaƙa suka kwashe, suka goge sunayen, suka sayar mana, har ana cewa rabin matattunmu suna kwance ne da dutsen Bajamushe a kansu. Amma a tsakiyar kangon nan akwai kabari ɗaya fes, kewaye da farar tsakuwa: Emil Raschke, mai gyaran takalma, ya rasu a 1942. Leokadia ba ta taɓa ganin mutumin nan ba ko a hoto. Tun tana riƙe wa uwarta buta take zuwa wurin, shi ya sa matan garin suka laƙaba mata Amaryar Bajamushe. Ta ji haushin sunan har ta gaji ta daina.

Ba mai kakan kaka a ƙasar garin nan. Da aka gama yaƙin duniya na biyu, manya suka zauna suka ja iyakar ƙasa zuwa yamma kamar mai jan tabarma, waɗanda ke zaune a bakin gabas suka tsinci kansu a dandariyar ƙasa. Apolonia na cikinsu. Aka zuba ta a taragon dabbobi da 'ya'ya biyu, Bronek mai shekara goma da Lodzia mai huɗu, suka yi mako uku a hanya daga ƙauyensu Berezowka da ke ƙetaren kogin Bug. Ta taho da akuya da bargo da tukunya. Abin da ba ta iya ɗaukowa ba shi ne mijinta Walenty, wanda zazzaɓin taifot ya kashe shekara guda kafin nan. Ana gobe za su tashi ta kama hannun maƙwabciyarta Paraska, 'yar Yukiren, ta kai ta maƙabarta, ta ɗora hannun a kan gicciyen katako. Paraska ta yi rantsuwa tana kuka.

A Wolanica, wanda a da garin Jamusawa ne, aka nuna musu gida aka ce nasu ne, alhali mai gidan na ciki. Gwauruwa ce Bajamushiya, matar marigayi Emil, ana kiranta Frau Raschke. Suka ci sanyi guda tare, mata biyu da murhu ɗaya, ba mai jin yaren wata, kowacce na ɓoye gishirinta. Da ƙanƙara ta narke aka ce Jamusawa su tattara. Ana gobe za a kwashe su, Frau Raschke ta ja Apolonia ta hannun riga har kan tudu, ta tsaya a gaban kabarin mijinta, ta miƙa mata 'yar manjagara da koriyar butar ban-ruwa. Ko kalma ɗaya ba ta furta ba, ba a kuma buƙata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, Apolonia ta sa hannu biyu ta karɓa.

Daga ranar ta ƙulla wani abu a ranta wanda ba Fadan coci ne ya koya mata ba. Takan ce wa yaran, “Muddin hannuna na kan kabarin nan, hannun Paraska na kan na ubanku. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.” Lodzia ta tashi da wannan magana kamar yadda ta tashi da addu'ar safe. Ba ta tuna fuskar ubanta. Abin da ta sani kawai shi ne duk ciyawar da ta cire a kan Emil Raschke, wani hannu na cire 'yar'uwarta a can gabas.

Kuma tana da shaida. A 1992, da aka buɗe iyaka, Bronek ya bi motar 'yan kasuwa ya je Berezowka, ya dawo da hoto: kabari a share, gicciyen ƙarfe an shafe shi da farin fenti, ga furanni a gindinsa. Apolonia ta sumbaci hoton, ta ce ai na katako ta bari. Bronek ya ce ɗan Paraska ne ya canza shi da na ƙarfe. Tsohuwa ta yi ta sa wa zuriyar Paraska albarka har ta mutu bayan shekara biyu. Hoton yana nan a kan kabad ɗin Leokadia, kusa da agogo, kullum sai ta goge shi.

To, a wannan kakar ne ta hau tudu da manjagara da buta, tana tsayawa tana hutar da gwiwa, sai ta tarar da takarda a manne a ragowar ƙofar maƙabartar, an rufe ta da leda don kada ruwa ya taɓa ta. Ta sa tabarau ta karanta sau biyu. Majalisar gari ta yanke cewa ranar uku ga Nuwamba za a fara share wurin. Za a tara duwatsun da suka rage a lungu guda a sa musu allon tunawa, sauran filin a daidaita shi a yi wurin shaƙatawa da na ajiye motoci. Wato sun yi kara, sun bari a gama biki tukuna.

Ba Emil ne ya fara zuwa mata a rai ba. Gicciyen nan mai farin fenti ta gani, ciyawa na hawansa.

Washegari ta sa rigar cocinta ta tafi ofishin majalisa. Yarinyar da ke kan teburin jikar wata ce da suka yi aiki tare a masaƙa, ta kuwa tarbe ta da fara'a har da jawo mata kujera.

“Pani Lodzia, wallahi na san za ki zo. Tun da aka buga takardar nake cewa yau ko gobe.”

“To ga ni. A bar mini shi. Taku uku ne tsawonsa, na auna. Motar wa zai tare?”

“Ba a hannuna abin yake ba, an riga an zana taswira.” Ta jawo wata takarda. “Hanya ɗaya ce. In dangi suka nema a rubuce, ana iya tono shi a mayar da shi wani wuri. Ke danginsa ce?”

Leokadia ta dubi takardar.

“Ko da ta nesa ne. Ko ta aure.”

“Ke ma kin san ba danginsa ba ce. Matarsa ce ta bar wa uwata amana.”

“Akwai takarda?”

“Akwai manjagara.”

Yarinyar ta yi dariya, sai ta ga tsohuwar ba wasa take ba, ta haɗiye sauran. Ta ce sun rubuta wasiƙa zuwa Jamus tun bara ana neman masu matattu a wurin, ko mutum ɗaya bai amsa ba. Ta ce in an sami mutanen gari da yawa sun sa hannu, ƙila a duba, amma ita dai ba ta yi alkawari ba. Har bakin ƙofa ta raka ta, tana ce mata ta kula da matakala.

Kwana uku Leokadia tana yawo da takarda. Ta sami hannu goma sha ɗaya, biyu daga ciki na mutanen da suka zaci neman gyaran famfo ne. Sauran garin kowa da uzurinsa. Masu ƙarfi suna Ingila da Norway suna wankin tsofaffin wasu, waɗanda suka rage kuma sun ce in an yi wurin ajiye mota ƙila wani ya zo garin ya ajiye. Wata a bakin kanti ta ce mata, “Haba Lodzia, ki bar angon nan ya huta mana, shekara nawa kina masa wanka?” Daga ƙarshe ta hau bene hawa huɗu zuwa wurin yayanta.

Bronek na zaune inda ya saba, a bakin taga, da taba a hannu da bargo a gwiwa, talabijin na ta surutu ba mai sauraro. Tun da matarsa ta rasu bai fi sau biyu yake sauka a mako ba.

“A'a, Amarya ce da kanta. Ya angon?”

“Ya fi ka lafiya. Shi ba ya tari.”

“Shi ya riga ya gama nasa.” Ya yi tarin har idonsa ya kawo ruwa. “Me kika kawo mini, miya ko masifa?”

Ta ajiye masa kwanon miyar kabeji, ta ɗora takardar a kan bargon. Ya karanta, ya miƙo mata ba tare da ya nemi biro ba.

“Ki bari, Lodzia.”

“In bari? Kai ma?”

“Mutumin nan ya yi shekara kusan saba'in yana shan gata. Sarkin Jamus ma bai sami haka ba. Ya isa.”

“Ba don shi nake yi ba, ka fi kowa sani. Ranar da aka tashi kabarin nan, da wane ido za mu dubi Baba? Mu mun saki tamu amanar, su can me zai sa su riƙe tasu?”

“Su can ba su san da wani Emil ba.”

“Allah ya sani. Kai ne fa ka je ka gani da idonka. Mutane ba danginmu ba, ba yarenmu ɗaya ba, suka sayi ƙarfe suka sayi fenti. Ka zaci haka kawai ne?”

Bronek ya juya ya dubi taga, inda ba abin kallo sai bututun hayaƙin masaƙa da hankaki a kansa. Ya daɗe yana murza tabar a cikin faranti bayan ta riga ta mutu.

“Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba,” ya ce. “Kawo biron.”

Ya sa hannu, suka zama goma sha biyu. Ta kai takardar ofis, yarinyar ta buga mata hatimi, ta sa ta a cikin wani fayil mai kauri. Daga yadda ta rufe fayil ɗin Leokadia ta gane bakin alƙalami ya bushe. Ta koma gida, ta tsaya a gaban hoton ta ce wa ubanta ya yi haƙuri, ta yi iyakar yinta.

Ranar Tsarkaka ta zo da sanyi da rana mara zafi. Wioletta, wadda ake kira Wiola, 'yarta tilo, ta iso tun jiya daga Norway, inda take yankan kifi a wata masana'anta shekara takwas ke nan, ta ɗauko motar haya daga filin jirgi. Da hantsi suka sauko da Bronek suka tafi sabuwar maƙabarta. Garin da ba ka ganin mutum goma a titinsa, ranar har rasa wurin taka ƙafa ake yi. Motoci masu lambar ƙasashen waje sun cika hanya, kowa ya sha sabon kwat, ana sumbatar juna a kan kaburbura ana tambayar wa ya sake aure, wa ya yi ƙiba. Suka kunna wa Apolonia da Zenon kyandir, suka tsaya Fada ya zagayo da ruwan tsarki. Wiola ta yi kuka kaɗan a kan ubanta, sannan ta ɗauki hoton furannin da wayarta.

A gida Leokadia ta zuba musu kabeji da nama da ta kwana biyu tana dafawa, amma ita cokali uku ta yi ta ajiye. Wiola ta lura. Yarinya ce mai zuciyar kirki, irin kirkin da ba ya iya zama wuri ɗaya sai ya gyara wani abu.

“Mama, ki daina cin ranki. Na yi tunani a jirgi. Bajamushen nan ya tafi, shi ke nan, ba yadda za mu yi. Amma Kaka Walenty fa? Me ya hana mu je da kanmu?”

“Ina?”

“Berezowka mana. Ba a wata duniya take ba, kwana ɗaya ne a mota. In na dawo hutun Ista sai mu yi fasfo mu tafi. Ki ga kabarin da idonki, mu nemo jikokin Paraska mu yi musu godiya, ki gaya musu abin da ya faru a nan. Kawu ya san hanya. Ko ba haka ba, Kawu?”

Fuskar Leokadia ta buɗe kamar ta yarinya. Shekara ashirin iyakar a buɗe, amma bai taɓa zuwa mata a rai cewa ita ma tana iya zuwa ba. Wurin ya zame mata kamar aljanna, ana yarda da ita amma ba a sayen tikitinta.

“Zan kai musu fenti,” ta ce. “Bronek, ta ina aka fi sauƙin bi? Gidan Paraska har yanzu shi ne na kusa da rijiya?”

Bronek ya jawo kwalba. Ya cika ɗan kofinsa da barasa ya shanye, ya sake cikawa, har ta zuba a kan farin ƙyallen tebur.

“Hanyar ba kyau,” ya ce.

“Kawu, motocin yanzu ba irin na zamaninku ba ne.”

“Mutanen can ba sa son baƙi.”

“Mutanen da suka yi wa Baba gicciyen ƙarfe?” in ji Leokadia.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an shekara ashirin ana tafiya a cikinsa. Bronek ya dubi ƙanwarsa, ya dubi hoton da ke kan kabad, ya ajiye kofin.

“Babu kabari, Lodzia.”

Leokadia ta juyo ta dube shi.

“Babu maƙabartar ma. Da na isa na tambayi wani tsoho, ya kai ni. Siminti ne shimfiɗe, tsawon filin ƙwallo. Tun bayan yaƙi da 'yan shekaru gandun gwamnati ya baje wurin ya gina garken shanu a kai. Garken ma ya rushe, daɓen ne kawai ya rage, ciyawa na fitowa ta tsagunsa. Na ce masa ta wane gefe ne ake binne mutanenmu, ya ɗaga hannu ya yi haka.” Bronek ya zana da'ira a iska.

“Paraska fa?”

“Shekara biyu bayan tafiyarmu aka zuba su a tarago, ita da 'ya'yanta, aka yi Saiberiya da su. Ba wanda ya dawo. Tsohon da ƙyar ya tuna sunanta.”

Wiola ta rufe bakinta da hannu. Leokadia kuwa ta tashi a hankali, ta ɗauko hoton, ta kawo shi tebur ta ajiye a gaban yayanta, tsakanin gurasa da gishiri.

“Wannan na wa ne?”

“Wa ya sani? A hanyar dawowa motar ta lalace a wani ƙauye. Na shiga maƙabartarsu, na ga wannan ya fi kyau, na zagaya ta bayansa inda ba a ganin suna na ɗauka.” Ya share hanci da bayan hannu. “Mama na tsaye a bakin taga tana jirana da zuciyar nan tata da likita ya ce ko ƙofa kada a buga da ƙarfi. Me kike so in ce mata? In ce mata shanu sun yi shekara talatin suna fitsari a kan mijinta?”

“Ita na ji. Da ni ce ma ƙila haka zan yi.” Muryarta ba ta tashi ba, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro. “Amma Mama ta mutu tun yaushe? Ni me ya hana ka faɗa mini? Kana zaune a tagarka kana kallona ina hawan tudun nan da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa. Kana kirana Amarya.”

Bronek ya sunkuyar da kai.

“Masaƙa ta rufe, Zenon ya mutu, yarinya ta tafi,” ya ce. “Na ga kina da abin yi.”

Ba ta zage shi ba. Ta tattara kwanuka ta kai kicin, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙi bari Wiola ta taɓa ko cokali. Baƙin cikin da take ji ba na mutuwa ba ne, wannan ta san shi, ta binne mutum biyu. Wannan wani iri ne, irin na wanda ya shekara yana aika saƙo gida sai aka ce masa gidan ya ƙone tun kafin saƙon farko. Ta yi ƙoƙarin jin haushin Bronek ta kasa, ta nemi na Paraska ta tuna ita ma ba a san inda aka jefa ta ba. Da ta fito, Wiola ta riga ta tafi mayar da kawunta. Hoton na nan a tebur. Ta kifa shi. Ta je ta dawo ta ga ba za ta iya barinsa a kife ba, ko wane ne shi ma ɗan wani ne, ta goge shi da gefen riga ta mayar kusa da agogo.

Da la'asar sakaliya ta ɗauki kyandir ɗaya da ya rage ta hau tudu ita kaɗai. Daga can ana hango sabuwar maƙabarta a ƙasa, dubban kyandirori sun fara ja, hayaƙinsu ya kwanta a kan garin. Ta kunna nata a kan Emil Raschke. Ta buɗe baki za ta yi addu'ar da ta saba, wadda take farawa da shi ta ƙare da ubanta da masu kula da shi, sai ta rasa inda za ta kai ƙarshen. Ta tsaya har sanyi ya shiga takalmanta, ta sauko.

Washegari Wiola na haɗa jaka tana roƙonta. “Mama, ki biyo ni. Akwai ɗaki, akwai ɗumi. Me ya rage miki a garin nan?” Leokadia ta je bayan ƙofa ta ɗauko 'yar manjagarar, wadda an canza mata ƙota sau huɗu, ta miƙa mata da hannu biyu. Ita kanta ba ta san me take nufi da hakan ba, hannunta ne kawai ya yi abin da aka yi wa uwarta. Wiola ta dubi manjagarar, ta dubi jakarta, idonta ya cika.

“Mama, ba za su bar ni in shiga jirgi da ita ba.”

“Haka ne,” in ji Leokadia, ta mayar da ita bayan ƙofa.

Ranar uku ga wata, ƙarfe bakwai na safe, katafila ta hau tudun. Ma'aikatan ba 'yan garin ba ne, daga wani wuri aka kawo su. Sun tarar da wata tsohuwa durƙushe a tsakiyar ƙaya tana jan manjagara a kan farar tsakuwa, tana tsince ganyen da ya zuba a daren jiya, ga koriyar buta a gefenta. Suka fara ta ɗaya gefen don su ba ta lokaci. Kafin hantsi sun cinye ƙayar, sun tara guntayen duwatsu a lungu, ba abin da ya rage a tsaye sai ita da kabarin.

Direban ya kashe injin ya sauko. Magidanci ne mai furfura a gemu, da ganinsa ya san darajar tsofaffi. Ya karanta sunan da ke kan dutsen, ya dubi shekarar, ya dube ta.

“Pani, ki yi haƙuri, mu aiki aka sa mu. Wane ne naki a nan?”

Leokadia ta dafa dutsen ta miƙe. A ofis an yi mata wannan tambayar ta faɗi gaskiya, domin a lokacin tana da wani kabarin a wani wuri. Ta dubi dutsen da ta san kowace tsagarsa fiye da fuskar mijinta.

“Ubana ne,” ta ce.

Mutumin ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye. Ya ce wa abokansa su dakata. Ya koma gefe ya kunna taba, ya sha ta a hankali har ƙarshe, yana kallon ƙasa don kada ya takura mata. Da ta ƙare ya take guntun da ƙafa, ya mayar da hularsa, ya hau ya tada injin.